Barka a Jikin Bargo

A shekarar da babbar 'yarmu ta haihu a Zakirai, mai ɗakina ta sayo zaren ulu, fari da kore, ta ce za ta saƙa wa jaririn bargo mai rubutu.

"Malam, kai ne mai alƙalami. Rubuta mini wani abu da ajami in saƙa wa angona."

Na ce ba za a sa sunan Allah a abin da jariri zai yi wa fitsari ba. Muka tsaya a kan "Barka". Na feƙe alƙalami, na ja baƙaƙen da lanƙwasarsu, yadda aka koya mini tun ina ƙarami. Ta duba, ta tuntsire da dariya.

"Wannan wutsiyar ta ina kwarashi zai bi ta? Saƙa gida-gida take tafiya!"

Ta gwada duk da haka, ta warware. Ta sake, ta warware. Ga suna ya matso, ta kuma riga ta faɗa wa surukai abin da za ta kawo.

Autarmu, mai tsara katin biki a kwamfuta, ita ta miƙo mini wayarta. Wasu baƙaƙen boko na gani masu tsani-tsani, an gina su da ƙananan murabba'ai kamar jerin bulo.

"Baba, ka tuna rubutun tsohuwar wayarka mai wasan maciji? Shi ake yayi yanzu, har a riguna."

Allahu Akbar! Na karɓi littafin lissafi mai gida-gida, na zauna gindin darbejiya. Kowane gida ɗaya saƙa ɗaya. Ta farko cikin baƙaƙen ajamin, wato Ba, ta zo da sauƙi, ɗigonta gida guda cif. Ra ta sauko kamar matakala. Kaf ce ta wahalar da ni, na goge har takarda ta huje. Ina cike gidaje ina murna kamar yaro, sai da ladan ya kira la'asar na farga ban ci tuwon rana ba.

Da mai ɗakina ta gama saƙar na ɗauka na duba. Kore nan, fari can, babu abin karantawa.

"Ku ba shi tazara mana," in ji auta.

Muka shanya shi a dangar ƙofar gida. Can ga maƙwabcina, abokin karatuna, yana dawowa daga gonar gyaɗa da fartanya a kafaɗa. Bai san komai ba. Tun daga bakin rijiya ya ja ya tsaya, ya kare ido da hannu.

"Barka!" ya ɗaga murya. "Malam, yaushe danga ta fara gaisuwa?"

Daga bayan ƙyaure mai ɗakina ta rangaɗa guɗa, ta ce auta ta kwaso bargon maza kafin awaki su ɗanɗana.