Dangwale Biyu na Asta Mai Masa

Asta mai masa ta unguwar Kagarawal ta haura hamsin kafin a yarda matan Arewa su jefa ƙuri'a, a 1979. Ran zaɓe ko wuta ba ta hura ba, ta ɗaura zanenta na salla. Wanda ya yi alkawarin kawo famfo unguwa take so, don jan guga ya cinye mata kafaɗa.

Ƙanenta Sallau tela, wanda ta goya da bayanta, shi ya raka ta rumfar zaɓe.

"Adda, ki dangwala wa naki," in ji shi, "sannan ki ƙara ɗaya a kan namu. Zumunci ke nan, kowa ya samu."

Haka ta yi, ta ninke takardar ta jefa a akwati, ta fito tana nuna yatsa mai tawada.

Da la'asar maƙwabciyarta Saudatu ta ji labari, ta dafe ƙirji. "Biyu? Wayyo Asta, ai ta lalace, ba za a ƙirga ba! Sallau fa wakilin jam'iyya ne, ya sani sarai."

Kashegari Sallau ya miƙo kwano kamar kullum.

"Ta ƙare," in ji Asta, ga tanda cike a gabanta.

Har ta koma ga Allah bai sake cin masarta ba.