Kunnen Jitar Haladu

Da hantsi Malam Labaran yake buɗe rumfarsa, wadda ke bayan masu faci a kan titin da ya gangara gada. Zai jingine kekensa, ya share dandamali, ya shimfiɗa buhu, ya jera abin da aka kawo masa jiya: fankar da ta ƙone, injin keken ɗinki, lasifikar masallacin da muryarta ta shaƙe. Sana'arsa naɗin waya ce. Duk abin da ke da wayar tagulla a cikinsa, in ta ƙone, shi zai warware ta ya sa sabuwa, zagaye bayan zagaye, yana ƙirgawa a zuci. Shi ya sa in ka yi masa sallama yana tsakiyar naɗi, sai dai ya ɗaga maka gira. Baƙi kan ɗauka girman kai ne. Mutanen Wudil kuwa sukan ja benci su zauna har ya kai ɗari ya amsa.

Shekara talatin da huɗu ya yi a wannan zama. A watan jiya ya rufe rumfar, saboda idonsa ya daina ganin siririyar waya, shi kuma ba mai aiki da lalube ba ne. Ba a yi walima ba, ba wanda ya yi jawabi. Auta mai faci, maƙwabcinsa tun farkon zuwansa, ya ce a duk shekarun nan bai taɓa ganin an dawo wa Malam da fanka ana faɗa ba. Ya dai ga ana fushi da shi, saboda yakan ce wa mutum kayansa sun mutu, kada ya ɓata lokaci. Masu gyara da yawa ba sa iya faɗar wannan.

Ayyukansa suna nan birjik a gidajen mutane, suna juyawa ba a san mai su ba. Guda ɗaya ne ake iya ji da kunne, shi ne jitar Haladu.

Haladu mutumin Lajawa ne, makaɗin garaya. Kafin ya samu matsala, ba a biki daga Lajawa har Ɗankaza ba a aika masa da goro ba. Kiɗansa na da wani kaifi da ake gane shi tun daga bayan gari, in ya tsinki tsirkiya sai ka ji ta yi magana ta hanci sannan ta tsaya cak. Wata rana a lokacin kaka belin injin sussuka ya kama masa hannun hagu. Hannun bai fita ba, amma yatsu uku sun sandare, kuma in ya ɗaga shi sai ya dinga rawa. Da hannun hagu ake danne tsirkiya. Ya rataye garayar, ya koma sayar da rake a bakin gada, shekara biyu cur.

A Sabon Gari ya ga mafita, a shagon wani mai sayar da tsofaffin kayan kiɗa. Wata jita ce da ba a rungumarta, a cinya ake kwantar da ita. Ba ta buƙatar yatsun dannawa, guntun ƙarfe mai santsi ake riƙewa a dinga zamar da shi a kan tsirkiyoyi, hannun dama yana tsinka. Ya sayo ta, ya yi watanni yana koya a gona, inda ba mai ji sai tsuntsaye.

Shekarar da soja suka koma bariki ke nan. Taro ya dawo, kowane lungu da tuta, kowace a-kori-kura da lasifika a kanta. A lokacin ba a tambayar daɗin sauti, ana tambayar nisan da yake kaiwa. Wani sabon kansila a Darki, wanda ya taso yana jin garayar Haladu, ya aiko cewa shi yake so ya yi masa kiɗa a taron murna ranar Asabar da la'asar. Haladu ya karɓa, kuma shi da kansa ya san in ya ji kunya a wannan fita, ba zai sake fita ba.

Ran Litinin ya zo rumfar Malam Labaran da jitar a naɗe cikin zani. Ya jira aka kai ɗari, suka gaisa, aka tambayi iyali da gona da hannu.

"Malam, so nake a ƙara mata ƙarfi. Ba ta kaiwa ko'ina."

"Kaɗa in ji."

Aka haɗa ta da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da batirin mota. Haladu ya kaɗa. Sautin ya fito da kauri, luƙui, kamar mai magana da tuwo a baki. Malam Labaran ya saurara kansa a ƙasa, sannan ya nuna wani ɗan akwatin ƙarfe da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin.

"Ka ga wannan? Masu sayarwa fikof suke ce masa, ni kunne nake ce masa, don shi ke jin motsin tsirkiya ya kai wa amfilifaya. Mayen ƙarfe ne aka naɗe da waya. Naka naɗi biyu ne gefe da gefe, kuma an cika masa waya. Ƙarfi kam yana da shi, har ya yi yawa. Abin da ya rasa baki ne."

"To ai ni ƙara na zo nema."

"In na ƙara masa waya, ƙara toshewa zai yi. Ragewa ake yi. Ka dawo Laraba."

A garin da kowa ke neman ƙari, wannan magana ba ta yi wa Haladu daɗi ba, amma ya bar jitar.

Wayar da ake wannan aiki da ita ta fi gashin kai siranta, kuma ba a sayar da ita a Wudil. Malam Labaran ya fasa koyil ɗin wata tsohuwar mota ya zaro ta daga ciki. Ya ciro mayen ƙarfe daga matacciyar lasifika, ya yanka katako siriri, ya kafa shi a jikin keken ɗinki na hannu. Yana juyawa da dama, wayar tana bi ta tsakanin yatsunsa na hagu. Sau uku tana tsinkewa, sau uku yana warwarewa ya koma farko, domin bai yarda da ƙulli a tsakiyar naɗi ba. Kunne biyu ya yi, kowanne naɗi ɗaya. Na farko ya ba shi waya daidai misali, na biyu ya rage masa sosai. Ya tsoma su a narkakken kakin zuma don kada wayar ta yi motsi. Auta ya ce fankokin mutane kwana biyu suna jira, masu su suna zuwa suna tsaki.

Ran Laraba aka ɗaura mai ƙarancin wayar, Malam ya matsar da shi can kusa da inda tsirkiyoyi suka ƙare, wajen da suka fi tauri. Haladu ya tsinka sau ɗaya. Sautin ya fita tas, mai kaifi, mai hanci, har masu faci suka waiwayo. Ya ɗora ƙarfen ya zame shi. Nan ne aka ji ɗayan abin: rawar hannunsa ta fito fili a lasifika, sauti yana kakkarwa, ƙarfe yana ɗan karo da tsirkiya. Haladu ya ɗauke hannu kamar ya taɓa wuta.

"Mayar min da na da."

"Me ya yi?"

"Yana gurnani. Ba ka ji ba?"

Gurnanin gaskiya ne, kunne mai naɗi ɗaya yana ɗaukar ƙugin wutar lantarki, kuma janaretan masu faci na kusa. Amma Malam Labaran ya ga inda idon Haladu yake, a kan hannunsa yake. Tsohon kunnen yana rufe rawar hannun da kaurinsa, sabon yana tona ta. Malam ya ji tausayin mutumin ƙwarai, sai dai bai nuna ba. Da wani ne, da ya mayar da tsohon, an rabu ana godiya, Haladu ya je Darki ya yi kiɗan da ba wanda zai ce ya yi kuskure, ba kuma wanda zai ce na Haladu ne.

"Gurnani kam in ka yi nesa da janareta zai tafi," in ji shi. "Sauran kuwa ba ni zan yanke ba, ba kai za ka yanke ba. Ni garayarka sau biyu na taɓa ji. Wa ya fi kowa saninta?"

Haladu ya ce, "Sai dai mai ɗakina."

Washegari bayan azahar Malam Labaran ya rufe rumfa, abin da ba ya yi. Aka ɗaure batir da amfilifaya a bayan babur ɗin haya, suka nufi Lajawa. Suka zauna a zauren gidan Haladu. Matarsa Hansai tana daga ciki, bayan asabarin ƙofa, ba ta ganin komai. Shekara ashirin tana jin garayar mijinta ta katanga, amma jitar nan ba ta taɓa jin ya kaɗa ba, don bai taɓa yarda ya kaɗa a gida ba. Bayan an gaisa, Malam ya yi mata bayani.

"Uwargida, kiɗa ɗaya zai yi sau uku. Ba zan faɗa miki me na canja ba. Ki faɗi abin da kika ji kawai."

Aka fara da tsohon kunnen. Haladu ya yi taken da ya saba buɗe wasa da shi, ya fita sumul.

"Ya yi daɗi," in ji Hansai. "Kamar na rediyo."

Haladu ya dubi Malam, alamar ka ji ko. Malam ya kunce ya ɗaura sabon nan mai waya daidai misali, ya liƙe wayar da dalma.

"Wannan ya ɗan matso," in ji ta.

Da aka zo na uku, mai ƙarancin wayar, Haladu ya daɗe yana goge ƙarfen da bakin riga. Ya fara. Hannun ya yi rawarsa, sautin ya yi rawa tare da shi, a tsakiya ma ƙarfen ya zarce inda ya kamata ya tsaya. Ya daure ya kai ƙarshe. Daga bayan asabari ba a ce komai ba, har Malam ya ɗauka ta tashi.

"Uwargida?"

"Ina nan, Malam." Muryarta ta canja. "Baban Indo, hannun nan na ji shi, kuma kowa zai ji. Amma ai mutanen Darki sun san abin da ya same ka, ba ɓoyayye ba ne. Na farkon ban ji hannun ba, kai ma ban ji ka ba. Wannan kai ne."

Haladu ya ajiye ƙarfen. Ya zauna yana kallon jitar a cinyarsa. Malam Labaran ya fara tattara kayan aikinsa a hankali, ya bar sukundireba a waje ko za a ce a sake kuncewa. Daga baya Haladu ya miƙa masa sukundirebar ya ce ya sa a jaka.

Malam bai je Darki ba. Fankokin mutane na jiransa, kuma shi ba mai son taro ba ne. Abin da ya yi kawai shi ne ya yanka wa Haladu doguwar waya, don ya zauna nesa da janareta. Ran Lahadi da hantsi Haladu ya zo, ya jira aka kai ɗari.

"Na yi kuskure sau biyu, Malam. Kowa ya ji."

"Suka ce me?"

"Ba su ce komai a kai ba. Wani tsoho dai ya ratso mutane ya zo ya ce min daga gona ya jiyo, ya ajiye fartanya ya taho, don ya ɗauka na mutu."

Malam Labaran ya gyaɗa kai, ya ce a dinga rufe kunnen daga rana saboda kakin, ya koma kan fankarsa.

Malam Labaran, kai ne ka fasa koyil ɗin mota don mutumin da ya zo yana neman abin da ba shi yake buƙata ba. Kai ne ka gane tsoro ne ke damunsa, ba ka faɗa a gaban masu faci ba, ka ɗauki batir ka kai maganar inda za a faɗa masa ya iya ji. Mai naɗi ba ƙulli, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sanyaya maka idon nan da ka ƙarar a kan kayanmu.

Masu gyaran da suka rage a bakin titin nan, da masu tasowa, ku duba. Mayar wa mutum da abin da zai rufe masa aibi ba wuya, kuma zai tafi yana sa albarka. Malam ya ɗauki hanya mai nisa, ya rufe rumfa rabin yini saboda ita. Haladu bai koma sayar da rake ba. Har yau yana kaɗawa daga Lajawa zuwa Ɗankaza da kunnen nan mai ƙarancin waya, hannunsa yana rawa, ana ji, ana kuma aika masa da goro.