Jan Zare a Ƙafar Gurguwa

Duk lokacin da aka narka man kaɗanya kusa da ni, kaza nake tunawa. Ka yi dariya in ka ga dama. Jiya ma da jikata ta ɗora shi a wuta don ta shafa wa kaushinta, sai ga ni a ƙauyenmu na kan hanyar Zango, ina 'yar shekara tara, da tasar shara a kaina.

Damina ce, gero ya kai ƙugu. Na je juji bayan gida, sai na tarar da wata sagara wake-wake kwance cikin caɓi, ƙudaje na binta. Ƙafarta ta hagu ta kumbura ta yi baƙi, tana wari. Jefo ta aka yi, don da wannan ƙafa ba za ta iya hawa juji da kanta ba. Na juye shara, na sa ta a tasa, na yi gida.

Baffa, ƙanin mahaifina, yana zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Yana ganinta ya ce a miƙo wuƙa tun tana motsi, kada ta zama mushe. Bisa ƙa'ida ya yi gaskiya, haka ake yi. Amma na rungume tasata na ce ba a isa ba. Tun ina ƙarama bakina ba ya mutuwa. Kakata, wadda muke kira Iya, ita ta raba mu. Ta tambaye shi ko shi zai ci naman da ke wari haka, sannan ta ce in kawo ta gani.

Iya ta kai ƙafar dab da idonta, ta latsa, mugunya ta fito. Ta sa allura ta tona a hankali, sai ga jan zare can cikin nama. A garinmu kowace mace da shaidar kajinta: wata ta yanke farce, wata ta ɗaura tsumma a fiffike. Jan zare a ƙafar hagu kuwa shaidar maƙwabciyarmu ce, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Tun kazar tana 'yar tsako ta ɗaura mata, ta manta. Kaza na girma, zare na nan yadda yake, har nama ya haɗiye shi. Na san in ta warke za a zo karɓa.

Iya ta sa tsinin allura ta ɗago zaren, ta yanke da aska, ta zaro shi. Ba ta yar ba. Ta ɗauraye shi ta ƙulle a haɓar zanenta, wurin da take ajiye goro. Na tambaye ta me za ta yi da wannan ƙazanta, ta ce in je in ɗora ruwa.

Daga ranar jinya ta hau kaina. Safe da yamma in gasa ƙafar da ruwan ɗumi da gishiri, in wanke da jiƙon bagaruwa, in shafa man kaɗanya, in naɗe da tsumma mai tsabta. Duk naɗin da na yi sai Iya ta sa na zura ɗan yatsana tsakanin tsumma da ƙafa. In bai shiga ba, in kwance in sake. A ɗakinta muka kife ta da kwando, a kan busasshen yashi, saboda danshi. Kwanakin farko da yatsa nake ɗiga mata ruwa a baki. Da ta fara tsattsagar tsaki, sai na riƙa cika tsohuwar tukunya da kara da busasshen kashin shanu, in kife a bakin suri, da safe in kwaso mata gara. Yatsanta ɗaya ya bushe ya faɗi, na yi kuka, Iya ta ce ukun da suka rage sun ishe ta tono. Ranar da ta fara tsayawa, taku biyu ta yi ta kife, ta sake miƙewa. Baffa ya sa mini suna uwar gurguwa, na ce na amsa.

Bayan an yanke gero gurguwa ta fara ƙwai, kyarkyararta har bayan katanga. Kwana biyu sai ga maƙwabciya da sallama. Ta gaida Iya, ta tambayi gajiya da amfanin gona, can ta ce ta hangi kazarta da ta ɓata tun damina. Na buɗe baki, Iya ta harare ni. Ba ta yi mata musu ba, ta dai tambaye ta shaida.

"Haba Iya, jan zare a ƙafar hagu. Kowa ya sani."

Iya ta kwance haɓar zanenta, ta ɗora zaren a tafin hannun matar, ta nuna ni. Ya bushe ya dafe, ɗan zagayensa ko ƙaramin yatsa ba zai shiga ba.

"Ga abin da kika ɗaura, a cikin nama na ciro shi. Karɓi kayanki. Ƙafa kuma ga mai ita nan, ita ta ɗauko ta a juji."

Matar ta daɗe tana kallon zaren. Ta dubi gurguwa tana ɗingishi gindin turmi. Ta ce Allah ya amfana, ta miƙe ta fita.

Da aka yi ƙyanƙyasar farko, Iya ta ce in kai wa maƙwabciyar 'yan tsaki biyu, tunda daga akurkinta uwar ta fito. Na yi kumburi yini guda, amma na kai. Da na ajiye su na ce mata kada ta ɗaura musu zare. Ta ce ni fitsararriya ce. Ba ta ɗaura ba dai.

Sai da na aurar da 'ya'ya biyu kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Daura. Yau da kaina nake karanta takardar maganin kaji, in auna, ba mai yi mini ƙarya. Maganin ya fi bagaruwa sauri, ban musa ba. Sai dai kajin yanzu a kwali ake kawo su, farare iri ɗaya, ba wanda ya san ƙafar ko guda. Nawa shida ne, ba shaidar kowa a jikinsu, kuma duk Juma'a sai na kama su ɗaya bayan ɗaya na duba. Igiyar akuya ce, ɗan warwaron jariri ne, har yau ba na ɗaura komai a jikin mai rai ban zura yatsana ba.