Faten Accar da Aka Zuba wa Kaji

Wata Asabar ce ta damina, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Yaya Bulus ya aiko cewa zai zo gida daga jami'a da abokansa. Shi ne babban wanmu, kuma na farko a danginmu da ya yi karatu mai zurfi haka. A lokacin muna haya a unguwar Abakpa Nike, can ƙasar Ibo, mu 'yan kudancin Kaduna a ɗakunan baya, maƙwabtanmu Ibo a gaba. Da sassafe Mama ta kwance ɗan buhun accar da kakarmu ta aiko a motar tumatir, wadda take adanawa don Kirsimeti. Ni aka ba regewa. Wanda bai taɓa rege acca ba bai san aiki ba: ka juya ƙwarya, ka tsiyaye, ka sake, har yashi ya kwanta a ƙasa. Ina jin su Ngozi, 'ya'yan maƙwabta, suna tsallen igiya a tsakar gida suna kirana, amma ban tashi ba har yatsuna suka yi fari suka tattare. Mama ta tsinko yakuwa da alayyahu daga tsofaffin bokitan da take shuka a bayan ɗaki, ta yanka gauta, ta daka gyaɗa. Kullum maganarta ɗaya ce: "Ku ci ganye, ba ni da ƙarfin jinya."

Yaya ya riga baƙinsa isowa a kan okada. Ya buɗe tukunya, sai fuskarsa ta canza. "Mama, fate za ki ba su? 'Ya'yan manya ne fa. Ki rufa mini asiri." Da hannunsa ya ɗauki tukunyar ya kai ta kusa da akurkin kaji, ya kifa mata daro, sannan ya aike ni sayen burodi da kifin gwangwani da lemon kwalba. Na je, ina tafiya ina kuka don haushi. Da na dawo na tarar da baƙin sun zauna, sai na ajiye ledar, na zagaya baya, na kinkimo tukunyar na dire musu a kan tebur. Ɗayansu ya ɗaga murfi ya leƙa, ya fashe da dariya. "Na bird food una dey chop?" Wai abincin tsuntsaye muke ci. Na dubi Yaya ina jiran ya tanka masa, sai na ga shi ma dariya yake yi. Ya ce ai na kaji ne, ƙanwarsa ce ba ta da wayo. Don su yarda, ya fita da tukunyar ya juye ta a ƙasa, kaji suka rufar mata. Mama na tsaye a bakin kicin da ludayi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. "Rifkatu, ɗauko tukunyar ki wanke," shi ne kawai abin da ta ce. Garin kwaki muka sha ranar.

Haka ya ƙare karatunsa a kan burodi da soye-soye da kayan zaƙi, ya fito da digiri da gyambon ciki. Mama ta yi jinyarsa ba ta taɓa yi masa gori ba, amma har ta rasu ba ta sake kwance buhun acca dominsa ba. Yanzu ciwon suga ya kama shi, likita ya ce ya koma acca da ganye. A kanti yake sayenta cikin leda mai ƙyalli a unguwar Uwani, ya kira ni a waya: "Rifkatu, don Allah yaya ake cire yashin nan?" Nakan gaya masa, ɗan'uwana ne. Amma duk sanda na kashe wayar sai na tuna tukunyar nan da kajin da suka rufar mata.

Watan jiya na kai wa 'yata ziyara a ɗakin kwanansu na jami'a. Katan-katan na taliyar leda, kwalaben lemo a ƙarƙashin gado, yara kyawawa kowacce da maganin ciwon ciki a jaka. Da na fito da zogale da daddawar da na kawo mata, ta yi saurin tura su cikin akwati, tana raɗa mini cewa abokan ɗakinta za su ce tana wari. Na fito da su, na kunna risho na dafa a gabansu. Mama ta yi shiru a waccan ranar, ni ba zan iya ba.