Dutsen Taimamar Uwargida

Da na bar tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, sai na kama wata ɗabi'a. Duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi, ni da wani abokina Bazabarme, abokin wasana tunda ni Bagobiri ne, mukan hau moto daga unguwar Kalley zuwa Tondibia, mu bi inda ruwa ya zaizaye gaɓar gulbi muna tsintar kayan mutanen da: tsingaron tukwane, tsakiya ta ado, da duwatsu masu ban mamaki. Na cika ƙarƙashin gado da tarkace, ban taɓa tambayar uwargida ko ta yarda ba.

A ciki akwai wani baƙin abu mai santsi, bai kai tafin hannu ba, gefe guda da ɗan kaifi. Shekarar da ƙuraje suka feso mata a hannu, lokotoro ya hana ta taɓa ruwa, sai ta jawo shi ta ce, "Malam, wannan dutse ne?" Na ce dutse ne mana, alhali ban sani ba. Ta yi ta taimama da shi har azumi ya wuce.

Wata rana maƙwabciyarmu ta gan shi, ta ce ai gasasshen yumɓu ne, abin da wuta ta gasa kuwa ba a taimama da shi. Ranar uwargida ko tuwo ba ta ci ba. "Sallolina fa, Malam? Na azumi duka?" Sai na kira abokina.

Ya zo, ya jujjuya abin, sai ya kai baki ya lasa.

Na ce, "Hajiya, zubo wa Bazabarme dambu kafin ya cinye mana dutse."

Ya ce, "Yi shiru, Bagobiri, bawana. Kai da ka tara kaya ba ka san su ba. Yumɓu kama harshe yake yi, wannan bai kama ba."

Uwargida ta ce ita ba ta yarda da harshen kowa ba. Sai abokina ya ɗauko tsingaro ɗaya ya ajiye kusa da abin, ya ɗiga wa kowanne ruwa daga buta. Tsingaron ya shanye nan take, baƙin kuwa ruwan ya gangare. Ya karta su da ƙusa: tsingaron ya zubo da jan gari, ɗayan ko gezau.

"Gatarin aradu ne, Hajiya. Mutanen da ne suka wasa shi. Wuta ba ta taɓa shi ba."

Duk da haka sai da ta tura ni wurin limamin unguwa, ya ce wasawa ba ta fitar da dutse daga zama dutse. Sannan ta yi hamdala, ta ci ɗumamen tuwonta.

Da la'asar ta sa tsintsiya ta kwashe sauran tarkacena. Gatarin kaɗai ta bari, yana nan gefen dardumarta. Yanzu idan sanyin ƙashi ya hana ni alwalar asuba, aro nake yi. Takan miƙo mini tana cewa, "Malam, ka tabbata dutse ne?"