Wake da Gero a Maƙera

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Kabo. Mu biyu ne a sashen, ni da wani malami Kirista ɗan Filato. Tun zamanin tsuke bakin aljihu ba abin da ya rage a ɗakin gwajinmu sai kwalabe, don haka da baki muke koyarwa, in an tashi mu yi ta musu a kan darasi. Ba wanda ya taɓa malamin, amma danginsa suka matsa ya koma gida. Iyalina kuwa suna Kano. Sai na wayi gari ba abokin magana.

Wata ranar kasuwar Gwarzo na kai fartanyata gyara wurin wani tsohon maƙeri. Na ga ya ture guntayen ƙarfe gefe, ya zaɓi sifirin ɗin mota.

Na ce, "Baba, me ya sa wannan?"

Ya ce, "Waɗancan laushi gare su, Malam. Wannan ne ke riƙe kaifi."

"Ka san dalili?"

"Haka Allah Ya yi shi."

Na sayo wake da gero, na ari faifai. Na jera wake, na tura da yatsa, layi ya zame a kan layi. Na ce haka ƙwayoyin zallan ƙarfe suke, shi ya sa yake lanƙwasa. Sannan na barbaɗa gero ya shiga tsakaninsu, na sake turawa, suka cije.

"Geron nan gawayi ne, Baba. Kaɗan ake sawa. In ya yi yawa, ƙarfen karyewa zai yi."

Ya daɗe yana kallon faifan. Can ya ce, "To zo ka ga nawa." Ya gasa ƙarfen ya yi jawur, ya tsoma a ruwa, ya mayar bakin wuta yana jiran launinsa ya koma kamar na kara. A littafi kaɗai na san wannan.

Damina biyu ina zuwa duk ranar kasuwa. Wani lokacin yana ƙira ina zuga masa wuta.

Takardar canjin wurin aikina ta zo tsakiyar mako, motar kaya kuma ba ta jira. Ban yi masa sallama ba. Da na samu komawa bayan shekara, mai faci ne a rumfar. Ya ce tsohon ya rasu da azumi. Na tambayi gidansa, na je na yi gaisuwa. Ba wanda ya san ni a can.