Jirgin Bana da Jirgin Baɗi

Ina tsaye ina gyaran alayyahu a kicin ɗina na unguwar Longsight a Manchester, 'yata ta shigo da kwamfuta a hannu, ta ture tasar albasa gefe ta ajiye ta a kan tebur. Ta ce ta yanke shawara: za ta kai mu tafiya a jirgin ruwa, ni da Anti, mu ga dutsen ƙanƙara da ƙaton kifin nan na teku da Turawa ke kira wel. Ta ce jirage biyu ta samo, saura zaɓi.

Bari in gyara zancen tun yanzu kada a rikice. Wadda nake kira 'yata ba ni na haife ta ba, 'yar farin yayata ce. A gidanmu uwa ba ta riƙon ɗan fari, don haka ana yaye ta Yaya ta goyo ta daga Birmingham ta dire mini ita a Manchester, ta juya ko waiwaye babu. Ni yarinyar ta tashi tana ce wa Mama, uwar da ta haife ta kuma Anti. Yaya ba ta taɓa kama sunanta ba. In za ta yi zancenta sai ta ce "'yarki" ko "yarinyar nan". Ba ta kallonta ido cikin ido, ba ta yabonta, ba ta roƙonta ko ruwan sha. Bature zai ce rashin so ne. Ni da muka tashi ɗaki ɗaya da Yaya na san kunya ce, na kuma san yadda take cin ta a ciki.

Zancen kifin kuwa tsoho ne. Tun muna yara a Zariya, ranar da aka ba mu labarin annabin da kifi ya haɗiye, Yaya ta hana kowa sakat da tambaya: wane irin kifi ne zai haɗiye mutum har ya zauna a cikinsa? Mu da babban kifin da muka sani shi ne tarwaɗa. Ta girma, ta yi aure, ta binne miji a ƙasar nan, amma har yau in aka nuno kifin a talabijin sai ta bar abin da take yi ta zauna. Ni na taɓa ba 'yata labarin da wasa. Ashe ta riƙe.

Jirgi na farko na bana ne, watan Yuli, daga Liverpool zuwa Iceland. Na biyu na baɗi ne, zuwa Alaska, don na Alaskan na bana ya riga ya cika. Na biyun take so.

"Mama, duba ki gani," in ji ta. "A Iceland sai an sauka an shiga bas, an yi tafiyar ƙafa kafin a ga ƙanƙarar. Kifin ma sai an shiga ƙaramin jirgi. Ga ciwon gwiwar Anti. A Alaska kuwa jirgin da kansa yake zuwa har gaban dutsen, kina zaune a barandar ɗakinki kina kallon ƙanƙara tana ɓallowa tana faɗawa ruwa. Shekara ɗaya ce kawai za mu jira."

Dalilanta duk masu kyau ne, kuma abin da ya tsinka mini zuciya ke nan. Don akwai abin da na sani ita ba ta sani ba.

Kafin wannan rana da 'yan makonni na je Birmingham. Muna tafe a Stratford Road Yaya ta yi karo da kwandon mangwaro a gaban wani shago, ta gefen hagunta, kamar babu shi a wurin. Na tsare ta da tambaya har ta amsa cewa likitan unguwarsu ya tura ta asibitin ido. Ni na raka ta. Aka ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana ta tsukewa, sai abin da ke gabanta sak take gani. Na tambayi likitan ko za ta kai baɗi tana gani. Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma ba zai yi mana alkawari ba.

A bas ɗin komawa unguwarta Sparkbrook ta damƙe wuyan hannuna. "Auta, ki rantse ba za ki gaya wa yarinyar nan ba."

Na ce, "Yaya, 'yarki ce fa."

"'Yarki dai. Ban ba ki ita don in dawo in ɗora mata kaya ba. In ta ji, aikinta za ta ajiye ta taho ta tare a kaina. Ki rantse."

Na rantse da Allah, a cikin bas, mutane na kallonmu. Haushinta na ji, na ji tausayinta, duk a lokaci guda.

To ga ni a kicin, da alayyahu a hannu da rantsuwa a wuya. Na ce ni tsoron doguwar tafiya a jirgin sama nake yi. 'Yata ta dube ni ta ce matar da ke zuwa Kano duk shekara? Na ce sanyin Alaska zai yi mana yawa. Ta ce Iceland ɗin murhu aka hura a can? Na ce rai ba a hannunmu yake ba, wa ya san baɗi? Ta ce, "Mama, kullum haka kike cewa, ko labule za a canza." Yarinyar nan harhaɗa magani ta karanta, ba a kayar da ita da gardama. A ƙarshe ta rufe kwamfutar ta ce ai tafiyar ta Anti ce, ranar Lahadi mu je a tambaye ta, abin da ta zaɓa shi za a biya a take.

'Yata tashin Ingila ce, a wurinta in ka tambayi mutum me yake so zai faɗa maka. Ni kuwa na san abin da Yaya za ta ce tun kafin mu bar gida.

Na kira ta a waya ranar Asabar. Na ce, "Yaya, gobe za ta tambaye ki. Ki ce na bana."

Ta ce, "Ni zan buɗe baki in zaɓa wa yarinyar nan inda za ta kai ni? Ke ba ki da kunya, Auta, tun kina ƙarama."

Na ce to ta warware mini rantsuwata. Ta ce ruwan shayinta ya tafasa, ta kashe wayar.

Ranar Lahadi muka hau hanya, 'yata na tuƙi tana ta lissafo kayan sanyin da za a saya, ni ina kallon gonaki ba na jin rabin abin da take faɗi. Muka tarar Yaya ta yi dambu. Na lura ta kwashe kwalaben maganin idonta daga kan talabijin, don ta san kallo ɗaya 'yata za ta yi musu ta gane na mene ne. Yaya ta zauna a kujerar da ke kallon ƙofa, inda babu mai zuwar mata ta hagu. Ta shirya tsaf.

Bayan mun ci, 'yata ta durƙusa a gefen kujerar ta buɗe kwamfutar. Ta yi bayanin jiragen biyu tiryan-tiryan, ta nuna hotuna. Yaya na ta ɗan juya kai a hankali tana neman hoton da idon da ya rage mata, tana cewa, "Masha Allah." 'Yata ta ɗauka jin daɗi ne.

"To Anti, wanne kike so?"

Yaya ta kalli bango. Ta ce da ni, ba da ita ba, "Gaya wa 'yarki duk wanda ya yi mata. Allah ya yi albarka."

'Yata ta yi murmushi. "Shi ke nan, Alaska." Ta jawo jakarta ta fara neman katin banki.

Na miƙe na ce, "Yaya, zo ki nuna mini inda kika ajiye yaji." Na ja ta kicin na tura ƙofa. Ban san ina da irin wannan muryar ba sai ranar. Na ce, "Wallahi kin ba ni haushi. Tun muna cin tarwaɗa kike maganar kifin nan. Yanzu Allah ya kawo, za ki bari a kai ki gabansa ki tsaya kina tambayar mutane ina yake?"

Ta ce, "In Allah ya nufa zan gani."

Na ce, "To ita fa? Ta kai ki har can, ta nuna miki, ki ce masha Allah kina kallon wani wuri. Sannan ta gane kin sani, na sani, muka bar ta ta zaɓa. Ke kunya za ki ce. Ni me zan ce mata? Da wane ido zan dube ta?"

Yaya ta dafa bakin tebur, tana shafa shi da yatsa. Na ce ba zan karya rantsuwata ba, amma in aka biya na baɗi ni ba za ni ba, su tafi su biyu. Na buɗe ƙofa na fito.

'Yata na zaune a ƙasa da kati a hannu tana shigar da lambobi. Ta ɗago ta dube ni, ta ga fuskata, ta ce, "Mama, lafiya?" Na ce lafiya lau. Na zauna. Ta koma kan kwamfutar. Ina jin ƙarar kowane maɓalli da ta danna.

Sai aka kira sunanta daga bakin kicin.

Cikakken sunan, na yanka, wanda mu kanmu ba ma kiranta da shi. 'Yata ta waiga wajena tukuna, don ba ta san sunan nan a wannan muryar ba. Sannan ta juya. Yaya na tsaye ta riƙe ƙofa.

"Ki biya na bana," in ji Yaya.

"Anti, gwiwarki..."

"Gwiwata za ta kai baɗi. Idona ne ban sani ba." Ta sa hannu a aljihun rigarta ta fito da kwalaben maganin, ta miƙa. 'Yata ta karɓa ta karanta jikinsu. Ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Yaya ta ce, "Matso nan. Ta wannan gefen." Ta kama fuskarta da hannu biyu ta kawo ta daidai idonta na dama, ta yi ta kallo. Tun ranar da ta dire mini ita ban ga ta dube ta haka ba. Ta daɗe, sannan ta ce, "Ashe goshin babanki kika ɗauko."

A watan Yuli muka tafi. Ƙanƙarar daga cikin bas muka hango ta, Yaya ta ce fara ce dai, ta gani. Ranar kifin aka sa mu a ƙaramin jirgi, iska na yanka kunne, muka yi ta jira har na fara cire rai. Can mutane suka ruga gefe guda suna nuni. Ta hagu ya ɓullo. Yaya na tsaye tana kallon ruwan da ke gabanta, babu komai a ciki, tana cewa, "Ina? Auta, ina?"

Kafin in motsa 'yata ta zo ta bayanta, ta kama kanta da hannu biyu ta juya shi. Gadon bayan kifin ya riga ya nutse, saura wutsiyar, baƙa, faɗinta ya fi ƙofar gidanmu ta Zariya. Ta ɗaga sama, ruwa na zuba daga jikinta, sannan ta shige a hankali.

'Yata ta ce, "Kin gani? Umma, kin gani?"

Yaya ta ɗora hannunta a kan hannun da ke riƙe da kanta. Ta ce, "Na gani. Kada ki sake ni tukuna, ko zai dawo."